Walƙiya ce ke kisa ko tsawa?

Ɗan Majalisa:
Salam jama'a, dan Allah ku raba mana gardama. Wani abokinmu ya ce wai walƙiya ta kashe shanu a ƙauyensu, sai aka yi masa caa a kai wai ba a faɗin haka, tsawa ce ke faɗowa. To ni dai a makaranta an koya mana wutar ce ke kisa, ƙara ba ta kashe kowa. Wanne ne daidai?

Malam Na Zaure:
Wa alaikumus salam. A bakin Bahaushe walƙiya hasken nan ne da ke gilmawa idan hadari ya haɗo, shi ya sa muke cewa "ana walƙiya", amma in abu ya sauko ya yi ɓarna sai ka ji an ce tsawa ta faɗa, ko aradu, ko kwarankwatsa. Rugugin nan na nesa kuma cida ne. Aradu daga Larabci muka aro ta, ga Suratur Ra'ad nan sura ta 13. Malaminku bai yi ƙarya ba fa, abu ɗaya ne, haske ya fi sauti gudu ne kawai, sauti wajen mita 340 yake ci a daƙiƙa, in ka ga walƙiya ka ƙirga daƙiƙa 3 kafin ka ji ƙara to tana nesa da kai kamar kilomita 1. Amma a hira dai tsawa ake cewa.

Uwar Biyu:
Malam ka manta wadda muka fi amfani da ita ai, "an yi walƙiya mun ga kowa", wlh lokacin zaɓe ko rabon gado nan ake jin ta, wato ɗan abu ya faru halin mutum ya fito fili kafin ya sake ɓuya. Sai kuma "kamar walƙiya" in yaro ya sheƙa da gudu. Kuma ku lura ba mai rantsuwa da walƙiya, sai dai ka ji aradu ko kwarankwatsa dubu, wanda malamai ma suna hanawa. Kakata kam da an fara walƙiya za ta kife madubi ta ce a cire jan kaya, mu dai bi muke ba tambaya.

Baban Abba:
Hhh jan kaya ba ruwansa Hajiya, gindin bishiya da fili fetal su ne abin gudu, makiyaya da manoma sun fi kowa shan wahalarta da damina.

Ɗan Majalisa:
Na gode, kenan abokina ya sha kaye, shayin yau a kansa yake.