Faifan hankakan nan, ya cancanci megana?

Ɗan Birni: Salamu alaikum ƴan zaure. Wani abokina a jami'a ya dame ni da faifan mawaƙin Ingila Steven Wilson, The Raven That Refused to Sing, wato hankakan da ya ƙi rera waƙa. Kafin in ƙona megana na intanet wajen sauke shi, wa ya taɓa jin sa?

Mai Shayin Zengou: Wa alaikumus salam. Na ji, ƙanena. Na 2013 ne, waƙa shida kacal amma kusan minti 55. Ta farko, Luminol, minti 12 ce ita kaɗai. Na sa ta a fada, har aka sauke shayi na farko mutumin bai gama gabatarwa ba. Aka ce in kashe.

Yaya Rabi: To ai laifinka ne. Wannan ba kiɗan fada ba ne, na mutum ɗaya ne da ekuter, bayan isha'i in gari ya yi tsit. Duk waƙoƙin labaran fatalwa ne. Luminol ɗin da ka raina, labarin wani makaɗin bakin titi ne da ba mai kula shi, har ya mutu bai daina kiɗan ba. Ta ƙarshe kuwa wani tsoho ne da yayarsa ta rasu tun suna yara, ya ɗauka ita ce ta dawo a siffar hankaka, yana roƙon tsuntsun ya rera masa waƙa. Hankaka fa! Mu da muka san kukansa. Amma wallahi sai da na share hawaye.

Ɗan Birni: Yaya, Turancina bai kai nan ba.

Yaya Rabi: Ba ka buƙata. Ka bi sarewar Theo Travis. Wanda ya girma yana jin algaita a ƙofar fadar Sarkin Damagaram ba za a koya masa sauraron busa ba.

Malam na Sabon Gari: Rabi ta faɗi gaskiya a kan sautin. Alan Parsons ne ya ɗauki faifan, shi da ya yi aikin faifan The Dark Side of the Moon na ƙungiyar kiɗa ta Pink Floyd a 1973, shi ya sa kowane kayan kiɗa ke fita daban. Inda na rabu da ita: gwanintar ta yi yawa. Marco Minnemann yana dukan ganguna kamar ana bin sa bashi, wani lokacin sai ka rasa inda za ka ajiye ƙafa. Ni kam in gita nake so, Afrique Victime na Mdou Moctar, 2021, ya fi shiga jinina.

Mai Shayin Zengou: Yauwa Malam! Shi ko a fada ba wanda ya ce a kashe.

Yaya Rabi: Malam, a yi mini afuwa, amma ka sake jin gitar Guthrie Govan a ƙarshen waƙar Drive Home da ke cikin faifan tukuna. Ɗan Birni, ita za ka fara saukewa, ba ta kai minti 8 ba. In ba ta kama ka ba, ka bar sauran.

Ɗan Birni: To Yaya. Bari a maido kuran, cajin wayata saura kashi 6.