Neman kalmar Hausa: latency, kafin la'asar ɗin Alhamis

Hauwa'u Mai Shirin Fasaha:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. A taimaka mini, lokaci ya ƙure. Ranar Asabar zan gabatar da shirin fasaha a tasharmu nan Katsina, kuma wannan makon maganar gasar wasannin kwamfuta za mu yi, saboda wasu samari sun haɗa ƙwarya-ƙwaryar gasa a wani gidan gem. Baƙon da na gayyato ya turo mini bayaninsa kan yadda ake zaɓen kibod na gasa, rabinsa Turanci ne. Shugaban sashe yana jiran rubutun shirin ranar Alhamis kafin la'asar. Kalmomi uku suka tsaya mini: latency, mechanical keyboard da polling rate. Ta farkon ta fi damuna, don kusan kowane layi sai ta fito. Na sa "jinkiri" amma raina bai kwanta ba.

Abba Ƙofar Marusa:
Anti Hauwa, mu a gidan gem "lag" kawai muke cewa. Yana lagin, shi ke nan, kowa ya gane.

Injiniya Bashir:
Abba, lag shi ne abin da kake ji a jikinka idan abin ya yi yawa har ya ɓata maka wasa. Latency kuwa awo ne, ana faɗin lambarsa ko da ba ka ji komai ba. A kibod, shi ne lokacin da ke tsakanin sa'ad da yatsanka ya fara danna maɓalli da sa'ad da kwamfuta ta san ka danna. Ana auna shi da milisakan, wato kashi ɗaya cikin 1000 na sakan. Malama Hauwa'u, abubuwa uku ne manya ke taruwa su ba da shi. Maɓallin sai ya yi tafiya kafin ya kunna: irin maɓallin da ake kira Cherry MX Red tafiyarsa duka milimita 4 ce, amma a milimita 2 yake kunnawa, Speed Silver kuma a 1.2. Sannan ƙarafunan da ke ciki idan sun haɗu sukan ɗan yi rawa, su taɓu su rabu su sake taɓuwa, don haka kibod yakan jira 'yan milisakan su natsu, kada ya rubuta harafi biyu. Na ƙarshe shi ne kwamfutar kanta, sau nawa take tambayar kibod ko akwai saƙo. Duk kalmar da za ki zaɓa, ta zama wadda za a iya sa mata lamba a gaba. Ni dai "jinkirin amsawa" nake gani.

Sadiya Jami'ar Umaru Musa:
"Tsaiko" fa? Ana jin ta a labarai kullum.

Injiniya Bashir:
Tsaiko na nufin abu ya tsaya. Nan babu abin da ya tsaya, saƙon yana tafiya, lokaci kawai yake ɗauka.

Murtala Mai Gyaran Kwamfuta:
A ce "latti" mana. Lattin kibod.

Malam Lawal Gobarau:
Latti? Ana neman a gudu daga Turanci sai ka kai mu wani Turancin? Latti ai late ce aka sa mata rawani. 'Yata Hauwa'u, ki saurara. Hausa na da kalma tun kaka da kakanni, ita ce "nawa". Wanda aka aika ya daɗe bai dawo ba, nawa gare shi. Dokin da aka zabura bai motsa da wuri ba, nawa gare shi. Ga ta nan zaune, ba aro ba ce, ba ƙirƙira ba ce. Shi kuma wannan abin da kuke ta kira kibod, tun bara na ba da shawara a wannan zaure a riƙa ce masa "dannau", ba wanda ya kula. Ki rubuta "dannau marar nawa", kin gama aikinki.

Abba Ƙofar Marusa:
Allah gafarta Malam, to in na je kasuwa sai in ce wa mai shago "nawar kibod ɗin nawa nawa ce?" 😂

Malam Lawal Gobarau:
Ka yi dariyarka, yaro. Karin sauti ya raba su, kuma rediyo da kunne ake jin sa. Bahaushe bai taɓa rikita nawa uku ɗin nan a magana ba.

Sadiya Jami'ar Umaru Musa:
Malam, a kan karin sauti kana da gaskiya. Amma dannau, don Allah! Dannau ai shi ne wanda ke danne mutum cikin barci ya kasa motsi ya kasa ihu. Anti Hauwa ta ce a rediyo "kowane matashi ya nemi dannau mai kyau", kafin a rufe shirin iyaye sun fara bugo waya. Kuma irin wannan siga, kamar mantau da makarau, mai aikata abin take nunawa. In haka ne, ɗan wasan ne dannau, ba allon ba.

Malam Lawal Gobarau:
Fiddau fa? Shi ne ya fitar ko shi aka fitar? Ki koma ki tambayi malamanki na sashen Hausa. Kalma kuma tana ɗaukar ma'ana biyu ba ta mutu ba. Wuta ta girki ce, wuta ta lantarki ce, wuta ta lahira ce.

Injiniya Bashir:
Malam, ni ba nahawu zan ja da kai ba, "marar" ɗin ce matsalata. Babu kibod a duniya da ba shi da wannan jinkirin, sai dai wani ya fi wani ƙaranci. In aka ce marar nawa an yi wa mai sauraro alƙawarin da ba zai cika ba, kuma gobe mai shago zai ɗauki kalmar ya sayar da ita. Sannan nawa hali ce, ana zargin mutum da ita. Ba na jin za a ce "nawa ta milisakan 5" kunne ya karɓa. "Jinkirin milisakan 5" kuwa ya zauna daram.

Ɗan Kusugu:
Ina kallon ku tun ɗazu. Katsinawa na yanke wa Hausa hukunci ba a tambayi Daura ba? Daura ta Abdu, tushen Hausa. In ana neman kalma ta asali, gida ake zuwa.

Murtala Mai Gyaran Kwamfuta:
To ɗan gida, kawo kalmar mu gani.

Ɗan Kusugu:
Ba a gaggawa a fada. Amma ni ina bayan Malam. Wannan "jinkirin amsawa" Hausar ofis ce, irin ta masu fassarar labarai. Kuma duk abin da kuka zaɓa a nan, gobe wani a Kano zai zauna ya ce ba daidaitacciyar Hausa ba ce.

Malam Lawal Gobarau:
Madalla da kai. An ɗauki Kananci an ɗora a kan kujera, mu da muke cewa "hwaɗi" aka mai da mu 'yan ƙauye. Katsina da ta yi hasumiyar Gobarau, ta yi kwalejin da aka buɗe a 1922, wadda ta yaye su Tafawa Ɓalewa da Sardauna, yau ita ce za ta jira a aiko mata da kalma? Kowace shekara ranar 26 ga Agusta mu sa manyan riguna mu yi Ranar Hausa, washegari mu koma kibod da gem.

Sadiya Jami'ar Umaru Musa:
Malam, a kwalejin nan ai da Turanci aka koyar da su.

Malam Lawal Gobarau:
Kuma suka fito suna Hausar da ke ba za ki iya ba.

Hauwa'u Mai Shirin Fasaha:
Baba Malam, Allah ya huci zuciyarka. Jama'a, Kano ba ta cikin zauren nan, kuma Alhamis na matsowa. A bar ta farko ta ɗan huce. Mechanical fa? Na rubuta "kibod na inji", abokin aikina ya ce ya ɗauka na injin niƙa ne.

Murtala Mai Gyaran Kwamfuta:
Nan wurina ne, Hajiya. Kibod na ofis da kowa ya sani, in kin buɗe cikinsa shimfiɗar roba guda ce mai ƙananan tudu-tudu, duk maɓallan a kanta suke. Shi kuwa wancan, kowane maɓalli da makunninsa, da sifirin ɗinsa. In kina son ki gane, sa farce ko abin cirewa ki ɗaga hular maɓalli ɗaya. In kin ga ɗan ƙaramin akwati, a tsakiyarsa wani tsinke mai siffar alamar tarawa, ja ko shuɗi ko ruwan ƙasa, to shi ne. In kin ga rami da roba a ƙasa, na ofis ne aka yi masa kwalliya. Don Allah ki faɗi wannan a shirin. Yara da yawa na kawo mini kibod mai fitilu kala-kala suna cewa na gasa ne, in cire hula ɗaya in nuna musu roba. Fitila ba ta ƙara sauri. A kasuwa "mai ƙara" ake ce masa, amma wannan ma kuskure ne, shuɗin ne mai ƙwas-ƙwas, jan shiru yake sauka, kuma jan 'yan gasa suka fi so.

Sadiya Jami'ar Umaru Musa:
To "kibod mai sifirin".

Injiniya Bashir:
Ya fi na inji nesa ba kusa ba. Amma abin da ya bambanta shi makunnin ne, don haka "mai makunni ɗai-ɗai".

Abba Ƙofar Marusa:
Yaya Bashir, to masu maganaɗisu fa? Su manyan 'yan wasa ke rububi yanzu. Irin Wooting 60HE, na wani kamfanin Holan, da Apex Pro na SteelSeries. Ba ƙarfe da ke taɓa ƙarfe, maganaɗisu ne a jikin maɓallin, na'ura a ƙasa tana auna nisansa. Shi ya sa ba ruwansu da jiran nan na rawar ƙarfe, kuma kai za ka zaɓi inda zai kunna, a Wooting daga milimita 0.1 har 4. Da ka fara ɗaga yatsa ya saki, ba sai ya dawo sama ba. A wasan harbi na Counter-Strike 2, inda sai ka tsaya cak kafin harbinka ya tafi daidai, wannan ya fi duk wata lamba da ke jikin kwali amfani. Amma Anti ki ja kunnen masu gasar: akwai wani saiti da kamfanin Razer ya fito da shi a 2024, Snap Tap, wanda in ka danna hagu da dama tare kibod ɗin ke zaɓar na ƙarshe. Valve, kamfanin da ke da wasan, ya hana shi a Counter-Strike 2 a watan Agustan shekarar. Wanda ya bar shi a kunne ana iya fitar da shi daga wasa.

Malam Lawal Gobarau:
Ka ga yanzu ka yi Hausa. "Mai maganaɗisu", ba wanda ya tilasta ka. Ashe kuna iyawa, kasala ce.

Ɗan Kusugu:
Polling rate kuma ai mai sauƙi ne, rumfar zaɓe. A kira jami'an zaɓe su fassara.

Injiniya Bashir:
Ɗan Kusugu, Allah ya shirye ka. Malama, shi ne sau nawa a sakan kwamfuta ke leƙa kibod. In sau 125 ne, tsakanin leƙe da leƙe milisakan 8. In sau 1000 ne, milisakan 1. Akwai masu 8000, wato 0.125. Ki ce "yawan leƙe a sakan". Kuma ki riƙe "sakan", kada ki ce daƙiƙa, don wasu minti suke nufi da ita. Shawarata ga samarin: daga 125 zuwa 1000 riba ce ta gaske, daga 1000 zuwa 8000 bai kai milisakan ɗaya ba. Allon kallo da ke sabunta hoto sau 60 a sakan kowane hoto yana zama kusan milisakan 17, mai 144 kuma kusan 7. Wanda ke wasa a kan mai 60 ya je ya zuba kuɗi a kibod mai 8000, ya sayi abin da idonsa ba zai gani ba. Ya nemi kibod mai waya, ko mai ɗan makalin USB nasa na kansa, ya guji Bluetooth a gasa, sauran kuɗin ya tara wa allo.

Abba Ƙofar Marusa:
Balle mu da sabar wasan, wato babbar kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa, ke Turai. Ping ɗina daga Katsina ba ya sauka ƙasa da milisakan 100. Shi ma ai latency ne, na intanet.

Sadiya Jami'ar Umaru Musa:
Wannan ma hujja ce ga Injiniya. Jinkirin kibod, jinkirin allo, jinkirin intanet, duk kalma ɗaya ta ɗauka. A gwada da nawa a gani: nawar allo, nawar intanet...

Malam Lawal Gobarau:
Me ya same su? Nawar intanet ai kullum cikinta muke.

Hauwa'u Mai Shirin Fasaha:
Na gode ƙwarai, jama'a. Ga abin da zan miƙa. Latency zan ce "jinkirin amsawa" a karon farko tare da bayanin Injiniya, daga nan "jinkiri" kawai, kuma "mai ƙarancin jinkiri", ba "marar" ba. Zan faɗi "allon madannai" sau ɗaya, sannan in ci gaba da kibod, don shi yaran za su tambaya a kasuwa. Mechanical na ɗauki "mai makunni ɗai-ɗai", duk da yana da nauyi a baki, in wani ya samu gajere kafin Asabar ya turo. "Yawan leƙe" bai shige ni ba, sai dai in bayyana shi ba tare da suna ba. Baba Malam, zan ce a shirin cewa dattawa na kiran irin wannan "nawa", in nemi masu sauraro su bugo su zaɓa.

Malam Lawal Gobarau:
Dattawa? Hausawa za ki ce. Jinkiri dai tamu ce, ba zan hana ba, ko da yake an bar mai kyau an ɗauki mai dama-dama. Amma ban janye dannau ba. Ƙarfe nawa ake buɗe layin waya?

Murtala Mai Gyaran Kwamfuta:
Hajiya, kada ki manta da maganar cire hular maɓalli. In kina so in kawo guda biyu tashar ki buɗe su a gaban makirfo, ki sanar da ni kafin Juma'a.