Lebir, yis ko yisti: wanne za mu riƙe?

Jama'a, ana ta muhawara kan sunan Hausa da za mu ba abin da ke sa kwaɓi ya tashi. A Garwa da Marwa na Kamaru idan ka shiga kanti ka ce a ba ka lebir, sai mai kanti ya tambaye ka: wanne? Laifin Faransanci ne. Kalma ɗaya, levure, ita ce sunan abu biyu da ba su haɗa dangi ba. Shi ya sa amarya ke zuba na kek a kwaɓin fanke, ta rufe, ta yi ta jira shiru.

Na farkon rai gare shi. Ƙananan halittu ne 'yan uwan naman kaza, ƙwayar guda ido ba ya ganinta. A cikin ƙunshi barci suke. Da sun ji ruwan ɗumi sai su farka su hau cin sukarin da ke cikin kwaɓi, suna fitar da iska da ɗan barasa. Danƙon fulawar alkama, wanda murzawa ke ƙara wa ƙarfi, shi ke tare iskar ya hana ta fita, kwaɓi ya tashi. A tanda zafi ya kashe su, yawancin barasar ta bi tururi, ramukan iskar su tsaya a cikin burodi. Ruwan zafi kuwa tun a kwano yake kashe su, sanyin hunturun Ngaundare kuma ya sa su nawa. Louis Pasteur na Faransa ne ya nuna, tun wajen 1857, cewa aikin mai rai ne.

Na biyun gari ne kawai, soda da abu mai tsami. Da sun jiƙe suke kumfa, kamar kanwa ta haɗu da ruwan tsamiya. Ba ya ci, ba ya haihuwa, ba a jiransa.

Wani malami a cikin masu muhawarar ya kawo shawarar a ce wa mai ran "ƙwayar tashi". Malam, a gafarce ni, yaro ya je kasuwa yana neman ƙwaya, wani wuri za a nuna masa. Wata Hajiya daga Injamena ta ce "iri", tunda iyayenmu ragowar ƙullun jiya suke zubawa a na yau idan za su toya masa. Hajiya, hujjarki ta fi ta kowa ƙarfi, don abin hayayyafa yake yi. Sai dai ki ce "irin tashi" a baki ki ji: mai sauraro zai zaci wani salon tashi ake nufi.

Ni dai ga matsayina. Mai ran mu bar masa yis, ko yisti ga mai son cika baki. Ya riga ya zauna a bakin 'yan uwanmu na Yola da Kano, kuma ba ya rikicewa da komai. Marar ran mu ce masa hodar tashi.

Aikin kansa kuwa ba ya neman sabon suna. Kwaɓi tashi yake yi. Kumburi na ƙafa ne, ruɓewa ta abin zubarwa ce.

Masu gidan burodi, ku ne kuke sayensa da kwali. Ku gaya mana ko hodar tashi za ta shiga bakin yaranku.