Yarona yana kuka in zai yi fitsari, don Allah ku ba ni shawara

Maman Abba: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yarona shekararsa 3, ba a yi masa kaciya ba. A gidanmu tun kafin arba'in ake yi, amma dangin babansa sai yaro ya kai 7, a tara su lokacin sanyi a kira wanzami. Da na yi magana sai da Hajiya ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata, dole na haƙura. To shekaranjiya wajen wanka na ga wani farin abu a bakin loɓar, na ja fatar baya na wanke da ruwan Dettol. Ya ɗan yi jini. Yanzu wurin ya yi ja, in fitsari ya taho sai ya riƙe zanina yana kuka.

Ummu Sadik: Allah sarki. Ki shafa masa man kaɗanya. Ni ma haka uwar mijina ta hana, sai da nawa ya shiga firamare. Wallahi har yau abin yana min ciwo.

Anti Nas: Maman Abba, ba a jan loɓar ƙaramin yaro da ƙarfi. A manne take da kan, da kanta take sakewa a hankali, wani ma sai ya kusa balaga. Farin abun nan ba cuta ba ne. Ruwan ɗumi kawai, a wanke daga waje. Ki ajiye Dettol, ƙara masa raɗaɗi yake. Amma gaya min, kin mayar da fatar yadda take? In ta maƙale a baya kan ya kumbura, asibiti yanzu, don tana hana jini gudana.

Baban Hanif: Kawai a yi masa kaciya gobe a huta.

Anti Nas: A'a Malam, ba a yanka wurin da ya kumbura. Sai ya warke.

Maman Abba: Anti ni fa ba da ƙarfi na ja ba. Kuma Dettol ɗin ɗigo biyu ne, da shi nake masa wanka tun yana jariri. In na bar datti kuma a ce ƙazama ce ni.

Anti Nas: Ba wanda ya ce haka, ƙanwata. Fatar nake tambaya. Akwai mugunya ko zazzaɓi?

Maman Abba: Jikinsa da ɗan ɗumi. Babansa yana Legas sai Juma'a, kuma ba na fita sai Hajiya ta sani.

Ummu Sadik: Hmm. Irin tawa ce sak.

Anti Nas: Ki kira babansa yanzu. Ki duba fatar ki dawo ki faɗa min.