Sojojin ko-ta-kwana a wasannin dabarun yaƙi: kowa ya faɗi abin da ya tarar

Mai buɗe zance:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina roƙon waɗanda suka daɗe suna buga Hearts of Iron IV, wasan kwamfuta da mutum ke jagorantar wata ƙasa a Yaƙin Duniya na Biyu, da ire-irensa su faɗa mana abin da suka gani game da yawan mazajen da ƙasa ke iya kira aikin soja. A wannan wasa, dokar ɗaukar soja ce ke yanke adadin: kashi 1.5 cikin ɗari na jama'a idan 'yan sa-kai kaɗai ake ɗauka, sai 2.5, sai 5, sai 10, sai 20, har 25 idan an kai ga kwashe kowa da kowa. Da na ɗauki Jamus daga 1936, ban taɓa rasa mutane ba kafin yaƙi ya ɓarke, bindigogi da tankoki ne suka yi mini ƙaranci. Shin haka abin ya kasance a tarihi?

Malamin tarihi daga Zariya:
Wa alaikumus salam. Ba haka ya kasance ba, kuma Jamus ɗin da ka ɗauka ita ce ta fi nuna gibin. Yarjejeniyar Basai (Versailles) ta 1919, wadda aka ƙulla bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta taƙaita sojan ƙasa na Jamus ga mutum 100,000, ta kuma wajabta wa ƙaramin soja shekara 12 a bakin aiki, domin kada a riƙa horar da samari ana sallamarsu gida suna taruwa a matsayin 'yan ko-ta-kwana. Sai a watan Maris na 1935 Hitler ya dawo da aikin soja na dole. Saboda haka a 1939 mafi yawan waɗanda aka haifa tsakanin 1901 da 1913, wato magidanta masu ƙarfi a jika, ko dai ba su taɓa shiga bariki ba, ko kuma horon 'yan makonni kawai suka samu. Ragowar masu horo kuwa samari ne sababbin fita da tsofaffin sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya da suka kai arba'in ko suka haura. Ni ma na buga Jamus, kuma abin da ya dame ni shi ne lamba guda ɗaya tak ta yawan mazaje da ke saman allo, wadda ta haɗa wanda ya yi shekara biyu yana fareti da wanda bai taɓa riƙe bindiga ba.

Ɗan wasa daga Maraɗi:
Malam ya yi gaskiya, amma ni ta ɓangaren Tarayyar Sobiyet na ga matsalar, kuma a juye take. Na sha yi wa rundunonin Sobiyet ƙawanya a Minsk da Kiyef na halaka su, daga nan hanyar Mosko ta zama fili fetal, saboda kwamfuta ba ta iya tsayar da sababbin rundunoni da sauri. A zahiri kuwa, kafin ƙarshen watan Yuni na 1941 sun kira fiye da mutum miliyan 5, yawancinsu sun taɓa yin horo. A watan Agusta shugaban hafsoshin sojan ƙasa na Jamus, Franz Halder, ya rubuta cewa sun yi lissafin rundunonin Sobiyet kusan 200 ne, sai ga shi sun ƙirga 360. An kama sojojin Sobiyet sama da 600,000 a Kiyef kaɗai, duk da haka a watan Disamba akwai sababbin dakarun da suka mai da martani a ƙofar Mosko. Wani wasan dabam mai suna War in the East ya fi kusantar wannan, domin rundunar da aka rusa takan dawo da suna kawai ba mutane, a riƙa cika ta sannu a hankali, ta fita fagen fama da ƙarancin ƙwarewa.

Wata 'yar wasa daga Kaduna:
Ina ganin kuna ɗan matsa wa wasan. Idan ka ɗaga dokar zuwa manyan matakai, aikin masana'antu yana raguwa, lokacin horo yana ƙaruwa, kuma mutanen ba sa shigowa rana ɗaya. Wannan ma wani abu ne.

Injiniya daga Kano:
Haka ne 'yar uwa, amma ragin bai kai ya hana mutum wuce gona da iri ba. Da na ɗauki Amurka na kafa rundunoni ɗaruruwa, kuma masana'antuna suka ci gaba da ƙera jiragen sama da na ruwa kamar ba a taɓa ma'aikatansu ba. Ita kuwa Amurka ta gaske, shirin yaƙin da ta tsara a 1941 ya hango mata rundunoni sama da 200, amma ta tsaya a kusan 90, domin ma'aikatu da gonaki da sojan ruwa da na sama duk daga rijiya ɗaya suke ɗiba. Birtaniya ma a 1944 sai da ta rushe runduna ta 59 ta rarraba mutanenta ga sauran, saboda sojojin ƙafa sun ƙare mata.

Jikan tsohon soja daga Bauchi:
Ni abin da ya kai ni duba wannan fanni shi ne kakana, wanda yana cikin waɗanda suka je yaƙin Boma. Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a can, kuma 'yan Arewa suna da yawa a cikinsu. Da na ɗauki Birtaniya a wasan, ɗan ƙaramin kaso na mutanen ƙasashen da take mulka ne ke zuba cikin babbar lambar nan, ba tare da an nuna ta inda suka fito ba. Yadda kakana ya ba mu labari, umarni ne ya sauko daga sama zuwa ga hakimi, hakimi ya aika wa dagatai kowa ya kawo adadin da aka yanka masa. Wasu sun je da son ransu saboda albashi da kaki, wasu kuma sun kwana a daji har masu ɗauka suka wuce, musamman waɗanda ba su da mai nome musu gona. Ya ce a cikin waɗanda aka tara daga ƙauyensu, likitan Bature ya mai da da dama gida tun a wurin gwaji, wani saboda gyambo a ƙafa, wani saboda ƙirjinsa bai kai awo ba.