Shin Albashin Shugabannin Manyan Kamfanoni Yana Bin Ƙwazonsu Ne?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Cibiyar bincike ta Economic Policy Institute ta ƙiyasta cewa a 1965 shugaban babban kamfani a Amurka yana samun kimanin ninki 20 na abin da matsakaicin ma'aikaci yake samu, amma a 'yan shekarun nan tazarar ta kai kusan ninki 300. Shin shugabannin yanzu sun fi na da iya aiki har haka, ko kuwa yadda ake yanka musu albashin ne yake da matsala?

Ɗan Kasuwar Hannun Jari:
Wa alaikumus salam, Malam. A ganina kasuwa ce take aikinta. Masana tattalin arziki Xavier Gabaix da Augustin Landier sun nuna a 2008 cewa albashin shugabannin ya ninka kusan sau shida tsakanin 1980 da 2003, kuma darajar manyan kamfanonin ma ta ninka kusan haka. Idan kamfani ya kai darajar dala biliyan 100, shugaban da ya ƙara masa kashi ɗaya cikin ɗari ya kawo dala biliyan ɗaya, don haka masu jari ba sa jin ciwon biyansa miliyoyi. Kuma mafi yawan abin da ake biyansa hannun jari ne, wanda yake faɗuwa idan kamfanin ya faɗi.

Malama Akanta:
Malam, hujjarka ta nuna cewa albashi yana bin girman kamfani, amma ba ta nuna yana bin ƙwazon shugaba ba. Tun 2001 Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan suka gano cewa albashin shugabannin kamfanonin mai yana ƙaruwa idan farashin ɗanyen mai ya tashi a duniya, alhali babu hannunsu a tashin. Tamkar a ba manomi lambar yabo ne saboda damina ta yi kyau. Sun kuma lura cewa abin ya fi ƙamari a inda babu babban mai jari da yake sa ido.

Sai kuma batun wanda yake yanka albashin. Kwamitin daraktoci ne, kuma sau da yawa da sanin shugaban aka zaɓo su. Sukan ɗauko masu ba da shawara su jera musu albashin kamfanoni takwarori, kuma tun da babu kwamitin da zai yarda cewa shugabansa bai kai matsakaici ba, kowa sai ya biya sama da tsakiya, ita kuma tsakiyar ta ƙara hawa a shekara mai zuwa. Kusancin daraktocin kamfanin motoci na Tesla da shugabansa Elon Musk yana cikin dalilan da mai shari'a Kathaleen McCormick ta jihar Delaware ta bayar a Janairun 2024 lokacin da ta soke ladan kusan dala biliyan 56 da Tesla ta tsara masa a 2018, ko da yake, a faɗi gaskiya, ya cika sharuɗɗan samun ladan, kuma masu jari sun sake amincewa da shi a Yunin 2024. Wanda ya fi damuna shi ne Dennis Muilenburg, shugaban da kamfanin ƙera jirage na Boeing ya sallama a Disambar 2019 bayan haɗurran jirage biyu da suka kashe mutum 346, amma ya tafi da haƙƙoƙin da suka kai kimanin dala miliyan 62.

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Malama ta yi bayani mai gamsarwa. Abin da zan ƙara shi ne matakan gyara. Dokar Dodd-Frank ta 2010 ta ba masu jari a Amurka damar kaɗa ƙuri'a kan albashin, sai dai ƙuri'ar shawara ce kawai, kuma da wuya su ƙi amincewa. A Birtaniya, tun 2013 ƙuri'arsu kan manufar albashi ta zama wajibi a bi ta. A 2013 ɗin dai 'yan Suwizalan suka haramta wasu kuɗaɗen sallama ta hanyar ƙuri'ar raba gardama, amma suka ƙi ƙayyade albashin shugaba a ninki 12 na mafi ƙarancin albashi. Mai hannun jari ya duba rahoton shekara ya ga ko ana auna shugaban da abokan gasarsa, da kuma ko akwai sharaɗin ƙwato ladan idan daga baya aka gano an gyara alƙaluman riba.