Wace Kalmar Hausa Za Mu Ba “Personal Storytelling” a Fagen Aiki?

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kishin harshe. Makon jiya wata ƙanwata, wadda tela ce, ta kawo mini takardar neman tallafin jari da take cikewa, sai muka iso wurin da aka nemi ta kawo abin da Turawa ke kira “personal storytelling”. Ta tambaye ni ma'anarsa da Hausa, na yi ta kewaye-kewaye ban ba ta kalma ɗaya tsayayya ba, kuma tun ranar abin yake raina.

Abin da ake nufi shi ne mutum ya ɗauko wani abu da ya faru da shi da gaske, ya ba da shi ta yadda mai ɗaukar aiki ko mai zuba jari zai gane irin ma'aikacin da ke gabansa, ya kuma tuna da shi a cikin tarin masu nema. Wani misali da ake yawan kawowa shi ne jawabin Steve Jobs, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin kwamfuta na Apple, a bikin yaye ɗaliban Jami'ar Stanford a 2005. Bai tsaya lissafa nasarorinsa ba, labarai uku ya bayar: yadda ya bar karatu a Kwalejin Reed amma ya ci gaba da shiga ajin koyon ƙayata rubutu, abin da ya bayyana daga baya a haruffan kwamfutar Macintosh, yadda aka raba shi da aikinsa a Apple, kamfanin da da shi aka kafa, da yadda likitoci suka gano yana da ciwon daji.

Tatsuniya dai ba ta shiga wannan zance ba, domin duk wanda ya ji “ga ta nan, ga ta nanku” ya san ƙagaggen abu ne zai biyo baya. “Tarihin rayuwa” kuma ya yi faɗi, ya fi dacewa da takardar da ake jera makarantu da wuraren aiki da shekaru.

Wani malamina ya ce kirari ne, kuma na daɗe ina auna maganarsa, saboda akwai gaskiya a ciki. Ɗan dambe da maharbi da ɗan kokawa suna tsayawa a fili su faɗi ko su wane ne, domin a bambanta su da sauran maza, kuma wannan ita ce buƙatar mai neman aiki a yau. Amma Malam, da girmamawa nake cewa kirari ya ginu ne a kan kambamawa. Ba wanda yake tsammanin maharbi ya ambaci ranar da ya yi harbi ya kuskure, alhali a wannan fagen ranar kuskuren ce sau da yawa take sa a yarda da mutum. Haka “tallan kai”, wanda na ga wasu suna amfani da shi: kunnen Bahaushe yana jin sa ya tuna cewa yabon kai jahilci ne, kuma ina ganin wannan kunya ce take sa haziƙan matasanmu su yi shiru a gaban masu tantancewa, ko su cika takarda da siffofin da kowa yake rubutawa.

Ƙanwata ma haka ta fara: “Ni mai ƙwazo ce, mai riƙon amana.” Da na matsa mata sai ta ba ni labarin wani daren jajibirin Sallah da wuta ta ɗauke saura ɗinki bakwai, ta koma kan keken ƙafa, ƙaninta yana haska mata da fitilar waya. A cikin wannan hali ta gane ta yanka atamfar wata mata ba bisa awo ba. Ta kira ta a daren ta faɗa mata gaskiya, da safe ta sayi wata da kuɗinta ta ɗinka, kuma har yau matar ita take kawo wa ɗinkin 'ya'yanta. A cikin labarin ba ta furta kalmar amana ba, amma duk wanda ya ji ya gan ta.

Saboda haka shawarata ita ce “labarin ganau”. Hausawa sun riga sun raba ganau da jiyau, sun kuma ce gani ya kori ji, don haka sharaɗin gaskiya yana cikin kalmar, ba sai an ƙara mata “sahihi” ba. Ba ta da warin fariya, domin ganau shaida yake bayarwa, kuma tana shiga jimla ba tangarɗa: “A hirar ɗaukar aiki, ki buɗe da labarin ganau guda ɗaya.”

Na san rauninta. Ganau kan zama wanda ya ga abin da ya sami wani, kamar haɗarin mota, ba lallai abin da ya same shi ba. Inda ake tsoron ruɗani, ana iya cewa “labarin ganau na kai”, ko da yake ya ɗan yi nauyi a baki. Ina roƙon malamanmu na sassan Hausa a jami'o'i, da 'yan uwa na Damagaram da Maradi da zangon Kumasi, su gwada ta a kunnensu su faɗa mana ko ta zauna. A takardar ƙanwata dai, ita na rubuta mata da fensir a gefen tambayar.